Tarihin Wasan Tseren Mario Kart: Daga Filin Ajiye Motoci Zuwa Wayar Salula

Tsere ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Mun san sukuwar dawaki a ranar sallah, mun san yaro mai gara tsohuwar taya da kara yana kurin babu mai riga shi isa bakin kasuwa. Abin da zamani ya ƙaro shi ne tseren da ake yi a zaune, da babban yatsa a kan gilashin waya. Saurayin da ya mallaki babbar waya a Gangara ko Gazawa, a Agye ko Gidan Rumji, da wuya a rasa wani wasan tseren motoci a cikinta. Yawancin masu 'yan ƙananan motoci da direbobin zane jikoki ne ga wasa guda, wato Mario Kart. Tarihinsa yana da saiwa uku: wata 'yar mota da aka ƙera a Amurka, wani tsohon kamfanin karta a Japan, da wayar salula. Bin waɗannan saiwoyi zai nuna mana yadda ƙarancin kayan aiki ya haifi wasan da ya ba mai rauni dama, da yadda neman riba ya so ya ƙwace masa ita.

1956: 'Yar motar da ta fito daga injin yankan ciyawa

A shekarar 1956, a kudancin jihar Kalifoniya ta Amurka, wani makaniki mai suna Art Ingels yana aiki a kamfanin Kurtis Kraft, wanda ke ƙera manyan motocin tsere. Ya harhaɗa bututun ƙarfe, ya sa musu ƙananan tayoyi huɗu da kujera da sitiyari, ya ɗaura injin yankan ciyawa a baya. Ba ta da rufi, ba ta da ƙofa, mazaunin direba kuwa dab da ƙasa yake. Wannan ita ce motar da ake kira kat.

Arharta ce ta yaɗa ta. Tseren mota a wancan zamani sana'ar masu hannu da shuni ce, amma wannan duk mai injin walda zai iya haɗa tasa. Kafin shekara ta zagayo, masu sha'awa sun soma taruwa a filin ajiye motoci na dandalin Rose Bowl da ke Pasadena suna gwada gudu. Daga nan ta tsallaka Turai. A 1962 aka kafa hukumar da ke kula da wannan tsere a duniya, a 1964 kuma aka yi gasar duniya ta farko a birnin Rum. Da tafiya ta yi tafiya, kat ta zama makarantar manyan direbobi: Ayrton Senna na Brazil, Michael Schumacher na Jamus da Lewis Hamilton na Ingila duk a kanta suka koyi tsere suna yara. Tun asalinta ke nan, motar talaka ce da yaro.

1889 zuwa 1990: Kamfanin karta ya koma wasan lantarki

Saiwa ta biyu ta girmi ta farko nesa ba kusa ba. A ranar 23 ga Satumba, 1889, Fusajiro Yamauchi ya kafa Nintendo a birnin Kiyoto, yana buga wata irin karta mai zanen furanni da ake kira hanafuda. Masu rubuta tarihin kamfanin sun ce gidajen caca na cikin manyan masu sayen kayansa a farkon lamari, domin 'yan caca kan buɗe sabuwar karta a kai a kai saboda gudun maguɗi. A riƙe wannan batu, zai sake ɓullowa bayan shekara ɗari da talatin.

Hiroshi Yamauchi ya karɓi ragama a 1949, ya riƙe ta har 2002. Shi ya juya akalar kamfanin zuwa yara, inda a 1959 ya ƙulla yarjejeniya da Disney don buga karta mai hotunan zanensu. Daga nan aka shiga kayan wasa, aka gangaro kan na lantarki. A 1980 injiniya Gunpei Yokoi ya fito da Game & Watch, ɗan wasan da ke shiga aljihu. Ana ba da labari cewa ya ga wani matafiyi a jirgin ƙasa yana danne-dannen na'urar lissafi don rage zaman kaɗaici, daga nan tunanin ya zo masa.

A 1981 wani matashin mai zane, Shigeru Miyamoto, ya tsara wasan Donkey Kong, wanda a ciki aka fara ganin ɗan gajeren mutum mai gashin baki da jar hula. An ce sunan Mario ya samo asali ne daga mai gidan da ya ba reshen kamfanin na Amurka hayar sito, Mario Segale, wanda wai ya zo neman kuɗin haya a lokacin da ake shawarar suna. Labarin zuwan nasa ya sha bamban daga baki zuwa baki. Abin da ke rubuce shi ne na'urar Famicom ta fito a Yulin 1983, wasan Super Mario Bros. ya biyo baya a 1985, Game Boy kuma a 1989. A Nuwamban 1990 sabuwar na'ura, Super Famicom, ta shiga kasuwa tare da wasan tsere mai tsananin gudu, F-Zero.

1992: Rashin ƙarfin na'ura ya haifi sabon wasa

F-Zero ya burge jama'a, sai dai mutum ɗaya ke buga shi. Miyamoto ya so a yi tseren da mutum biyu za su zauna kafaɗa da kafaɗa, a raba fuskar talabijin biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Da masu tsara wasan, Hideki Konno da Tadashi Sugiyama, suka hau aikin, sai suka tarar na'urar ba za ta iya nuna dogayen hanyoyi da gudun walƙiya sau biyu a lokaci guda ba. Dole a gajarta hanya, a cika ta da kwana, a rage gudu. To wace mota ce ta dace da gajeriyar hanya mai kwana? Sai suka tuna da kat.

Masu aikin da kansu sun faɗa a hirarraki cewa a gwajin farko wani mutum ne kawai mai kayan makanikai ke tuƙi, sai bayan 'yan watanni aka ɗora Mario a kujerar aka ga ya dace. A ranar 27 ga Agusta, 1992, Super Mario Kart ya fito a Japan da direbobi takwas, ya kuma sayar da kwafi sama da miliyan 8.7.

Hikimar da ta raya wasan tana cikin kayan faɗan da ake tsinta a kan hanya. Wanda ke gaba yakan samu abu mai rauni, irin su ɓawon ayaba da zai yar don na baya ya zame. Wanda ke can baya shi ake ba tauraro mai hana komai taɓa shi, ko tsawar da ke ƙanƙantar da duk abokan tsere. Sakamakon haka, ƙane na iya doke wa, baƙon da ya riƙi madanni yau na iya ba gwani kunya a zagayen ƙarshe. Gwaninta tana da amfani, amma ba ta rufe wa kowa ƙofa. Wannan ne ya sa wasan ya zama na iyali da abokai.

1996 zuwa 2017: Zamanin bunƙasa da kishiyoyi

Mario Kart 64 ya fito a Disamban 1996, ya kai 'yan wasa huɗu a talabijin guda, ya kuma kawo shuɗin ƙoƙon kunkuru mai ƙaya, wanda ke tsallake kowa ya je ya sami na kan gaba. A 2005 na'urar hannu ta DS ta buɗe tsere ta intanet da mutanen wasu ƙasashe. Na'urar Wii ta samu nata a 2008, wanda ya haura kwafi miliyan 37. Mario Kart 8 ya fito a 2014, aka sake gyara shi don na'urar Switch a 2017, wannan gyararren kuwa ya wuce miliyan 60.

Nasara ba ta rasa masu kwaikwayo. Diddy Kong Racing ya zo a 1997, Crash Team Racing ya fito a PlayStation a 1999, kamfanin Nexon na Koriya ta Kudu kuma ya saki KartRider a 2004. Wannan batu ya shafe mu kai tsaye, domin kayan Nintendo na asali ba su taɓa yin kasuwa sosai a yankinmu ba. Abin da ya cika kasuwannin Kano da Katsina da Maraɗi a shekarun 1990 shi ne jabun Famicom daga Asiya, da kaset-kaset masu alƙawarin ɗaruruwan wasanni. Da gidajen gem suka yawaita, PlayStation ce ta mamaye su, saboda faifanta na da sauƙin kwafa, wasan ƙwallon ƙafa kuma shi ne sarki. Yara da yawa a birane sun san tseren kat ne ta hannun Crash kafin su san na Mario. Yaron ƙauyen da babu lantarki kuwa, wannan zamani gaba ɗaya ya wuce shi.

1997 zuwa 2014: Waya ta zama filin wasa

Saiwa ta uku ta fara da maciji. A 1997 Nokia ta sa wasan Snake a wayarta ƙirar 6110, miliyoyin mutane suka gane cewa abin kira na iya zama abin wasa. A Nijar, salula ta soma aiki a 2001 da kamfanin Celtel, wanda ya koma Zain a 2008, sannan Airtel a 2010. A shekarar 2001 ɗin ce MTN da Econet suka buɗe layukansu a Najeriya. Orange ya shigo Nijar a 2008, aka sayar da shi a 2019, ya koma Zamani Telecom.

Manomi da ɗan kasuwa suka fara cin moriyar. Binciken masaniyar tattalin arziki Jenny Aker ya nuna cewa shigowar salula tsakanin 2001 da 2006 ta rage bambancin farashin hatsi tsakanin kasuwannin Nijar da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari, domin mai gero na iya jin farashin Maraɗi ko Damagaram kafin ya ɗora buhu a mota. Don neman abinci waya ta shigo karkara, wasa ya biyo ta a baya.

A can waje, iPhone ta fito a 2007, a 2008 kuma aka buɗe kantin manhajojinta, wayar Android ta farko ta bayyana. Nan da nan masu tseren kat suka ruga: Crash Bandicoot Nitro Kart 3D a 2008, Angry Birds Go! a 2013, Beach Buggy Racing a 2014. Wayoyin Tecno da Itel da Infinix masu rangwamen kuɗi suka sa irin waɗannan wasanni a hannun talakan Afirka.

Nintendo kuwa ya ƙi. Shugabansa na lokacin, Satoru Iwata, ya tsaya a taron masu ƙera wasanni na 2011 ya yi gargaɗi cewa ambaliyar wasannin kyauta za ta zubar da darajar sana'ar. Amma kasuwa ba ta saurare shi ba. A shekarar kuɗi da ta ƙare a Maris 2012, kamfanin ya yi asarar shekara karo na farko cikin kimanin shekara talatin. Na'urar Wii U ta tsaya a miliyan 13 da rabi, alhali Wii, wadda ta gada, ta haura miliyan 100. Iwata ya zaftare rabin albashinsa har sau biyu maimakon ya kori ma'aikata. Masu hannun jari suka matsa lamba.

2015 zuwa 2018: Kiɗa ya sauya

A ranar 17 ga Maris, 2015, Iwata ya sanar da ƙawance da kamfanin DeNA don yin wasannin waya. Bai ga amfanin gonar ba, domin ya rasu a ranar 11 ga Yuli na wannan shekara.

Gwaje-gwajen da suka biyo baya su suka shata hanyar da Mario Kart zai bi. Super Mario Run ya fito a Disamban 2016 da tsari mai tsafta: ka ɗanɗana kyauta, in ya yi maka ka biya dalar Amurka 9.99 sau ɗaya, shi ke nan. An sauke shi sau miliyan 200 cikin ƙasa da shekara, amma kaɗan suka biya, kamfanin kuma ya ce ribar ba ta kai yadda ya so ba. A Fabrairun 2017 aka saki Fire Emblem Heroes da tsarin da Japanawa ke kira gacha: ka biya kuɗi, a jefa maka ƙuri'a, ko ka samu gwarzon da kake so ko ka samu tarkace. Masu buga shi ba su kai na Mario yawa ba, amma kuɗin da ya tara ya ninka nasa sau da yawa. Darasin da kamfanin ya ɗauka a fili yake: ciniki na gaskiya bai kai ƙuri'a kawo kuɗi ba.

2019 zuwa 2023: Mario Kart Tour

An yi shelar wasan a farkon 2018, aka ɗage shi, sannan ya fito a ranar 25 ga Satumba, 2019. Kamfanin ƙididdiga na Sensor Tower ya ƙiyasta an sauke shi sau miliyan 90 a makon farko.

An yi masa gyara na basira don ya dace da waya. Mota na tafiya da kanta, yatsa ɗaya ke karkata ta, zagaye ya koma biyu don a gama kafin a gaji da riƙo. A lokacin, duk mako biyu ana buɗe sabon rangadi, an kuma zana hanyoyi a cikin birane na gaske: New York, Tokiyo, Paris, Landan, Balin, Sidni, Singafo, Bankok, Atina, Rum, Madrid da sauransu. Birane goma sha huɗu, babu ko ɗaya na Afirka.

Saukewa kyauta ce, amma banza ba ta kai zomo kasuwa. Matsayin mutum a gasar mako ya dogara da maki, maki kuma ya dogara da irin direba da mota da laimar da ya mallaka. A farkon lamari, hanyar samun masu daraja ita ce wani koren bututu da ake harbawa da jan yaƙutu, biyar a harbi ɗaya, arba'in da biyar a harbi goma. Ana tsintar yaƙutun kaɗan-kaɗan a cikin wasa, mai gaggawa kuma ya saya da kuɗi. Ga kuma kuɗin wata na dalar Amurka 4.99, kusan jaka uku na sefa a lokacin, wanda sai da shi ake buɗe tsere mafi gudu. Wasan da aka gina don na baya ya samu dama, sai ga shi yana fifita mai aljihu. A watannin farko ma babu tsere da mutane na gaske. Sunayen 'yan wasa ake liƙa wa motocin da kwamfuta ke tuƙawa. Sai a Maris 2020 aka buɗe karawa kai tsaye.

Suka ta taso daga iyaye da hukumomi. Tun a 2012 Japan ta hana wani nau'i na gacha, a 2018 kuma hukumar kula da caca ta Beljiyam ta yanke cewa akwatin sa'a da ake saya da kuɗi caca ce, abin da ya sa ba a saki wasan a ƙasar ba. Kamfanin da aka ce gidajen caca sun raine shi a ƙarni na sha tara, ya sake tsintar kansa a bakin wannan rijiya. A Oktoban 2022 aka cire bututun kuɗi, aka maye gurbinsa da kanti inda mutum ke ganin abin da zai saya. A ranar 4 ga Oktoba, 2023, aka daina ƙara sababbin hanyoyi da direbobi. An kwashe hanyoyin biranen an kai wa na'urar Switch, a Yunin 2025 kuma sabon babi, Mario Kart World, ya fito a Switch 2. Nintendo ya mai da ƙarfinsa gida.

Yadda abin yake daga Gangara

Gangara ƙaramar hukumar karkara ce a kudu maso gabashin jihar Maraɗi ta Nijar, kusa da iyakar Najeriya. Tana ƙarƙashin Agye har zuwa 2011, lokacin da aka ɗaga Gazawa ta zama gunduma. Ƙasar noma ce da kiwo da fatauci, ga zirga-zirga zuwa Katsina da Kano, inda waya da kayan gyaranta suka fi yawa.

Mario Kart Tour yana neman abu uku daga mai buga shi: rezo marar yankewa, domin ba ya buɗewa sai da intanet, waya mai wadataccen wuri da batir, da hanyar biyan kuɗi ta kantin Google ko Apple. Ukun nan duk tsada gare su a karkara. Kuɗin mega yana gogayya da kuɗin cefane, cajin waya kuma a rumfar mai sola ko janareto ake biyansa. Ita kanta wutar da Maraɗi da Damagaram ke sha, babban kasonta daga Katsina yake shigowa ta layin da ya sauka a Gazawa. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli, 2023, Najeriya ta katse wutar a farkon Agusta bisa takunkumin ƙungiyar CEDEAO, ba ta dawo ba sai a Maris 2024. A daidai lokacin da ake rufe babin sababbin hanyoyi a Kiyoto, jama'ar wannan yanki na fama da yadda za su cika batir su kira 'yan uwa.

Shi ya sa wasan da ke rayuwa a irin waɗannan wurare shi ne wanda ba ya neman rezo, mai sauƙin nauyi, wanda aboki zai tura wa aboki ta manhajar Xender a gindin bishiya. Waya ɗaya ta zagaya hannu biyar, kowa ya yi zagayensa ya miƙa. Wannan zama ya fi kusa da abin da Miyamoto ya nema a 1992 fiye da tseren kaɗaici da baƙin da ba a gani.

Abu biyu ya kamata mu ɗauka. Na farko na iyaye ne da malamai. Nintendo ya cire bututunsa, amma dubban wasanni na nan da irin wannan tarko, sun yi masa ado da launi da kiɗa. Duk inda aka ce yaro ya biya kuɗi don a jefa masa ƙuri'a, caca ce ko da wane suna aka ba ta, kuma hukuncinta a addini da al'adarmu sananne ne. Hana wasa gaba ɗaya ba zai yiwu ba. Zama da yaro a ga abin da yake bugawa, a nuna masa inda tarkon yake, shi ne aikin.

Na biyu na matasa ne masu karatun kwamfuta a jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, da takwarorinsu na Katsina da Kano. Akwai wasan SuperTuxKart, wanda masu sa kai ke rainonsa tun 2006, yana aiki a Android ba tare da intanet ba, kuma an bar asirin gininsa a buɗe ga duk mai son ya koya ko ya ƙara. Da manhajar zane ta Blender, wadda ita ma kyauta ce, mutum na iya shata hanyarsa: ta bi ta cikin gonar gero, ta ratsa kasuwa, ta kauce wa amalanke da ɗan kabu-kabu, direbobi na magana da Hausa. Ingels ya fara da injin yankan ciyawa, su Konno sun fara da na'urar da ta kasa ɗaukar burinsu, kuma dukansu sun yi nasara ne saboda sun ƙera abin da ya dace da ƙarfin da ke hannunsu. Ƙarancin rezo da wuta da kuɗi sharuɗɗa ne da mai tsara wasa zai yi aiki da su, kuma babu wanda ya san su kamar wanda ya tashi a cikinsu. Kamfanonin waje sun zana birane goma sha huɗu ba su waiwayo mu ba. Hanyar Gazawa zuwa Gangara, idan za ta shiga waya, ɗan ƙasa ne zai zana ta.